Laraba a Achida, Lahadi a Illela

Wanda ke zaune cikin birnin Sakkwato ba ya rasa inda zai yi cefane. Albasa da tattasai suna jibge a Ramin Kura, nama yana Kasuwar Daji, rago da sa suna Kara. Sai dai duk abin da ka gani a wuraren nan baƙo ne, daga wani ƙauye ya zo, kuma kafin ya iso ya bi ta hannun dillali da ɗan sari da mai mota, kowa ya ɗora nasa. Shi ya sa in na samu ranar da babu aiki nakan kama hanyar garin da kasuwarsa ke ci, in ci abincin rana a can, in cika bayan mota da tsaraba, in dawo gida kafin a kira magariba. Uwargida tana cewa man da nake ƙonawa ya fi ragin da nake samowa. Wani lokaci da gaskiyarta. Amma ba ta taɓa mayar da shinkafar da na kawo ba.

A ƙananan garuruwan nan abinci mai daɗi ba shi da allo a ƙofa, lokaci gare shi. Akwai ranar kasuwa, akwai watan da kowane amfani ke fitowa, akwai kuma sa'ar da kowace tukunya ke sauka daga murhu. Wanda ya saɓa ɗaya daga ciki zai je ya dawo yana cewa babu komai a garin sai rana da ƙura.

Kasuwar Achida ranar Laraba take ci. Garin yana kan hanyar Wurno da Goronyo, tafiyar da ba ta kai awa guda ba ko da a motar haya ce mai yawan tsaye-tsaye. Galibi tare nake zuwa da wani abokina, malamin makaranta, mai wata tsohuwar mota da ƙofar bayanta ba ta buɗewa sai ta waje. Da hunturu mukan tashi bayan gari ya ɗan waye. Tun kafin a shiga Achida kasuwar ke tarbar mutum a kan titi: amalanken shanu, jakuna da mangala, 'yan kabu-kabu kowa da akuya ɗaure a gabansa tana kuka, da matan Fulani a jere da ƙore a kai.

Abokin nawa ba ya tambayar kowa inda ake sayar da abinci mai kyau. Cewa yake duk wanda ka tambaya rumfar ɗan'uwansa zai nuna maka. Abin da yake yi, sai ya ajiye mota a bakin tasha ya duba inda direbobi da 'yan kamasho suka yi cincirindo. Direba kowane mako yana kan hanyar nan, kuma ba ya komawa tukunyar da ta taɓa ɓata masa ciki, don ba shi da halin tsayawa a daji da fasinja cike da mota. Ta haka muka san wata dattijuwa mai masa a jikin wata katanga. Ba rumfa, ba benci, sai tabarmar kaba da yagaggen buhu da aka kare iska da shi.

"Inna, ina kwana? Ya sanyi?"

"Lahiya lau, ɗiyana. Ku zamna. Wagga ta masu motar Goronyo ta, taku na bisa wuta."

Tandarta ta ƙasa ce, ta yi baƙi ƙirin don daɗewa. Da ɗan ludayi take ɗiga man gyaɗa a kowane gurbi, ta zuba ƙullu, ta jira gefen ya kama, sannan ta sa tsinke ta juya. Masar da ta kwana da kyau ta tashi tana da ɗan tsami kaɗan, bayanta ya yi ƙamas, cikinta kuwa huhu-huhu. Tata haka take. Ta zuba mana miyar taushe da ke da kabewa da alayyahu sosai, ta barbaɗa yaji mai ƙuli a gefe. Muna cikin ci wani ɗan sari ya zo da kwano yana son ta cika masa, ta ce masa ƙullu ya kusa ƙarewa kuma akwai waɗanda suka riga shi ajiye kuɗi. Kafin ƙarfe goma ta kife tanda. Wanda ya baro Sakkwato bayan ya gama shan shayinsa a natse ba zai taɓa sanin akwai ta ba.

Daga nan sai kara. Ko ba ka da niyyar sayen dabba, kara ta cancanci zagaye. A nan ake ganin jajayen awakin nan da ƙasar Sakkwato ta yi suna da su, waɗanda fatarsu fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita tun zamanin da, har Turawa suka ɗauka fatar Maroko ce saboda ta can take isa gare su. Ga raguna balami farare masu dogon ƙafa, ga uda mai rabi baƙi rabi fari, ga shanu gudali masu gajeren ƙaho. Dillalai suna ja da hannun mai saye zuwa gefe, a taya, a ce albarka, a ƙara, a sallama, kowa ya ba da la'ada. Amfanin wannan ga mai neman abinci shi ne, inda kara ke ci nama sabo ne. Da safe mahauta ke sayen dabbar, su yanka, kafin azahar wuta ta kama. Kada ka yi gaggawar tsayawa wurin mai balangu da hantsi, don abin da za ka tarar a kan waya a lokacin yana iya zama ragowar jiya aka ɗumama. Bari sai an sauko daga sallar azahar. Ni nakan nemi wanda sauran naman yake rataye a gabansa ina gani, in nuna haƙarƙari da ɗan kitse, a yanka mini a takarda, a zuba ɗanyar albasa. Yaji kuwa a gefe nake cewa a sa, don nama mai kyau ba ya bukatar a binne shi.

In rana ba ta yi nisa ba mukan zarce Wurno. Nan ne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗi ya zauna, nan ya rasu a 1837, kuma hubbarensa yana garin. Mukan fara ziyara mu yi addu'a, sannan mu gangara fadama, don Wurno ta yau da ruwa take rayuwa. Gulbin Rima ya ratsa yankin, ga dam ɗin Lugu kusa, ga na Goronyo a can sama da aka gina a shekarun 1980. Da rani, lokacin da tudu ya bushe ƙurmus, fadamar kore ce shar: shinkafa, albasa, tafarnuwa, alkama, tattasai.

Albasa ita ce ta fi koyar da mutum lissafin wata. Daga Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da ake cire ta rani, takan yi arha har manomi ya ji haushin kallonta. Buhun nan da aka yi ta roƙonka ka ɗauka a watan Maris, in ya kai Nuwamba sai ka yi tunani kafin ka taya shi. Tsakanin watannin nan biyu akwai zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, akwai damina da danshinta, kuma albasa ba ta jimirin ko ɗaya. Wani dattijo da muka tarar yana gyaran rudu a bayan gari, wato rumfar kara da ciyawa da ake ɗagawa daga ƙasa don iska ta riƙa ratsa albasar, shi ya nuna mini yadda ake zaɓe. Na kai hannu kan wasu manya masu sheƙi, sai ya girgiza kai.

"Malam, in ta ci yau kaka so, ɗauki wagga. In ta ajiya ta, aje ta."

Ya ɗauko wata matsakaiciya, ya murza wuyanta da yatsa biyu. Wuyan a bushe yake, siriri, ya tsuke. Ya matsa gindinta, ba ta lotsa ba. Ya shafa bawon, ya yi ƙaras-ƙaras. Sannan ya ɗauko babbar da na zaɓa ya danna wuyanta, sai ga shi da kauri da laushi. Ya ce wadda aka ɗura wa takin zamani aka kuma yi ta ba ta ruwa har ranar cira, girma take yi da nauyi, ta burge mai saye, amma ta wuya ruɓa ke shigarta. Mai son ajiya yakan yanke ruwa tun da saura, ya bar ganyen ya kwanta da kansa, ya cire, ya shanya a inuwa. Ya ƙara da cewa in na kai gida kada in bar ta cikin buhu, in baza ta inda iska ke bi, in riƙa tsince duk wadda ta fara laushi don ɗaya takan ja goma. Albasarsa ta fi ta kasuwa tsada da ɗan kaɗan, ban kuma yi dogon ciniki ba. Arha ba ta ado. Da na biya ya ɗebo tafarnuwa cikin tafin hannu biyu ya zuba mini gyara, irin ƙananan nan masu wuyar ɓarewa da ƙarfin ƙamshi.

Shinkafa kuwa ba a shago nake saye ba. Mata ne a cikin gidaje ke sayen shanshera, su jiƙa, su turara, su shanya, a kai inji a casa. Sai ka samu yaro ya yi maka sallama, a fito da ita a faifai ka gani. Ina ɗiba in shinshina, don wadda ta daɗe a ruwan jiƙo tana da wani wari da wanki ba ya fitarwa. Ina ciza ƙwaya ɗaya, in ta karye ƙas to ta bushe. Tsakuwa dai sai an rege, wannan ba makawa. Sabuwar shinkafa ta fi ƙamshi, tsohuwa ta fi auki, mai iyali da yawa ya san wadda zai ɗauka. A kula da mudu kuma: na wani gari ba ɗaya yake da na wani ba, shi ya sa kwanon awo na gida ba ya barin motar abokina.

Ba zan ɓoye ba, hanyar gabas ba kamar da take ba. Matsalar 'yan bindiga ta taɓa yankin Goronyo, Rabah, Isa da Sabon Birni, ta taɓa ƙauyukan Wurno ma, kuma ba wanda ya manta harin da aka kai kasuwar Goronyo a Oktoban 2021. Kafin mu tashi sai mun tambayi direbobin tasha yadda hanya ta kwana. In suka yi jim, mun fasa. Ba ma sauka daga kwalta mu bi hanyar daji don an ce akwai arha a wani ƙauye, kuma da an yi la'asar mun juyo. Rashin tsaron nan ma yana cikin abin da ya sa manoman can ke sayar da kaya da wuri, da araha, ga duk ɗan sarin da ya iso.

Illela dabam ce. Ranar Lahadi take ci, kuma tafiyarta ta haura kilomita 80, ta Kware da Gwadabawa. A hanya akwai abin tsayawa. Da sanyi rake ne a jingine bakin titi, da dankali, da kankana tuli-tuli. Kusa da Gwadabawa ne Degel take, inda Shehu Usmanu ya zauna yana karantarwa kafin hijira zuwa Gudu a 1804, amma ziyararta tana son ranarta ita kaɗai, ba a haɗa ta da cin kasuwa.

Abin da ya sa Illela ta fita dabam shi ne Ƙonni, da ke tsallaken iyaka cikin Nijar. Mutanen garuruwan biyu dangi ne, harshe ɗaya, auratayya ɗaya, kuma rabin abin da ke kasuwar daga arewa ya gangaro. Raƙuma a durƙushe, jakuna garke-garke, Buzaye da rawani suna shan shayi a ƙananan kofuna, 'yan canji da damin sefa da naira a hannu. Nan nake sayen dabino busasshe mai ƙarfi irin na hamada, da kanwa, da taliya, da cuku. Cuku yana son ido. Na kirki fari ne mai ɗan rawaya, siriri, da shatin tabarmar da aka shanya shi a kai, kuma yana ƙamshin nono, ba warin tsami ba. Ana ɗan gasa shi a sha da shayi, ko a daka a zuba a fura. Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, kasuwar ta ji jiki ƙwarai, kayan nan suka yi wuya suka yi tsada. Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris na 2024, amma har yanzu in ka zauna da 'yan kasuwar hirar ba ta wuce yadda abubuwa suke kafin rufewar. Shinkafar waje kuwa ko an yi maka tayi ka ƙyale ta, don shingayen kwastan da ke tsakanin Illela da Sakkwato sun isa su cinye ribar da yinin gaba ɗaya.

A Illela ne abokina ya taɓa ja na wani gidan abinci mai fenti da gilashi da talabijin a bango, wai mu huta da zafi. Aka kawo dafa-duka da ta sha ɗumame har ta gaji, da cinyar kaza da ta bushe tun a firji, aka kuma caje mu kuɗin birni. Ba laifinsu ba ne kacokan. Irin wurin nan baƙi yake jira, baƙi kuwa ba kullum suke zuwa ba, don haka tukunya ɗaya sai ta yi kwanaki. Ita kuwa mai shinkafa da wake da ke bayan rumfunan hatsi, da mai da yaji da yankakken tumatir, masu dako ne abokan cinikinta, kuma tukunyarta ba ta ganin la'asar. Tun daga wannan ranar wurinta muke zama. In za mu taso nakan sayi kilishi wurin masu yin sa a fili, inda nake ganin naman a shanye a kan gadon kara, ana tsoma shi a labu, a sake shanyawa, sannan a nuna masa wuta. Na kirki yana karyewa amma ba ya zama gari, kuma nama ya fi tunkuza yawa a jikinsa.

Hanyar kudu, ta Bodinga da Shagari zuwa Tambuwal, ba ta cika ba ni sha'awar cefane ba. Babbar hanya ce ta manyan motoci, masu sayarwa a bakinta sun saba da matafiyin da ba zai dawo ba, farashin kuma kusan na birni ne. Tarihi dai akwai shi: Sifawa, inda Shehu ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, tana nan dab da Bodinga, Shagari kuma garin tsohon shugaban ƙasa Alhaji Shehu Shagari ne, can aka binne shi a Disamban 2018. Amma abu guda yakan fitar da ni hanyar nan, shi ne fura da damina. Da ciyawa ta fito shanu suka ƙoshi, nono yakan wadata, ya yi kauri, ya yi arha. Sai ka bar bakin kwalta ka shiga cikin gari, ka nemi gindin bishiyar da matan Fulani ke sauke ƙore.

"Inna wuro, a dama mini ta gero, kindirmo nake so, ba tsala ba."

Takan buɗe faifai ta nuna maka. Kindirmo na gaske yana yankuwa da ludayi, da maiƙo a samansa. Da rani, in nono ya yi ƙaranci, wasu kan tsinka shi da ruwa su ɗaure da garin kuka ko madarar gari, kuma harshe yana ganewa tun a kurɓar farko. Furar da aka kirɓa da safe tana da laushi da ƙamshin citta da kanumfari, tana narkewa a ƙwarya ba gudaji. Ni ba na sa sukari, ba na kuma yarda a sa ƙanƙara, don ban san ruwan da aka yi ta da shi ba. A wurinsu nake sayen man shanu ɗanye, in an kai gida a soya shi da albasa. Cikin damina kuma akwai ƙwan zabi, in kaka ta kusa ga tumu ana gasawa. Kuɗi a hannu ake zuwa da su, ƙanana, don mai fura ba ta san taransifa ba, masu na'urar cirar kuɗi kuwa sabis yakan ɗauke musu daidai lokacin da kasuwa ta cika.

Wanda ba shi da yini guda na kashewa, Kwalkwalawa ta ishe shi. Tana kan hanyar mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, a bakin gulbi, wurin da ambaliyar 2010 ta yanke hanya har jami'a ta rabu da gari. Masunta ne da manoman fadama. Kifi ya fi samuwa bayan damina, in ruwa ya fara janyewa ya bar shi a tafkuna da ƙoramu, kuma da sassafe ake samun na kwanan taru. Akwai tarwaɗa, akwai karfasa, akwai ƙurungu. Ina ɗaga murfin kunnen kifin in duba, in ja ne jawur kuma idon bai dushe ba, na yau ne. Tarwaɗar da ta cika ƙiba da girma iri ɗaya kuwa nakan tambayi daga ina take, don ta kiwo ma tana zuwa bakin gulbi ta kwanta a daro ɗaya da ta ruwa. Ba haramun ba ce, amma kuɗinsu ba ɗaya ba ne, ɗanɗanonsu ma haka. In ciniki ya faɗa, akwai yara da wuƙa da za su kankare su fede maka nan take, akwai kuma mata da kasko a gefen hanya. Nakan ware karfasa biyu a soya mini ina tsaye, in ci da yaji da garin rogo, sauran a zuba a bokiti da ɗan ruwa. Kafin ƙarfe tara ina ofis.